Ka Mayar da Rubutu Zane, To Me Ya Sa Ya Fito a Dushe?

Ka gama tsara katin biki a CorelDRAW, sunan ango da amarya sun zauna daram. An kai maɗaba'a, an buɗe a wata kwamfuta, sai ga ƙ ta koma ɗan akwati, ɗ kuma ta yi ɓatan dabo. Kwamfutar can ba ta da samfurin haruffan da ka yi aiki da shi, sai ta ɗauko wani, shi kuwa bai san haruffanmu masu ƙugiya ba.

Shi ya sa ake mayar da rubutu zane, wato kowane harafi ya koma siffar layi da ba ta buƙatar samfurin haruffa. A CorelDRAW ka danna Ctrl da Q. A Illustrator, Ctrl da Shift da O. A Inkscape, Shift da Ctrl da C. Amma ka fara ajiye kwafi ɗaya tukuna, don da zarar harafi ya zama zane ba ka iya sake gyara shi kamar rubutu, kuma mai biki ba ya rasa gyaran kwanan wata.

Abin da ke damuna shi ne, mutum ya yi wannan duka daidai, sannan ya zubar da wahalarsa a mataki na ƙarshe. Ya fitar da aikin a JPEG. Harafin da ka mayar zane layi ne da lissafi ke riƙe da shi, injin da ke fitar da farantin bugu zai iya zana gefensa da ɗigo 2400 a kowane inci. Ka mayar da shi hoto mai ɗigo 300, ka sare masa ƙafa. In ka ƙara tura shi ta WhatsApp a matsayin hoto, manhajar ta sake matse shi. Fitar da PDF, nau'in PDF/X-1a ko PDF/X-4, ka tambayi mai bugu wanda yake karɓa, ka tura shi a matsayin fayil.

Ko cikin PDF akwai tarko. PDF/X-1a ba ya ɗaukar inuwa ko launi mai shara-shara yadda suke, baje su yake yi. Rubutun da ke ƙarƙashin inuwar na iya komawa hoto, rabin kalma tas, rabi a dushe. Ɗaga rubutunka ya hau saman komai kafin ka fitar.

Sai baƙi. Ƙananan haruffa ka ba su K ɗari, wato baƙin tawada zalla cikin launuka huɗu na bugu, sauran launuka uku sifili. Baƙin RGB, wato tsarin launin allo, idan aka juya shi zuwa launukan bugu, faranti huɗu yake hawa, ɗaya ya goce kaɗan sai ka ga ja ko shuɗi yana leƙowa a gefen harafi.

Wataƙila ka lura ƙananan haruffa sun ɗan yi kauri bayan ka mayar da su zane. Gaskiya ne, sun rasa umarnin da ke daidaita su a allo da ƙananan firintoci. A faranti da wuya a gane bambancin. Amma littafi ko dogon bayani, bar shi a rubutu, ka cusa samfurin haruffan cikin PDF ɗin.

Kafin ka tura, buɗe PDF ɗin, ka zuƙo shi har kashi 1600 a kan harafi mafi ƙanƙanta. Gefe sumul, tura. In ka ga ɗigo-ɗigo kamar matakala, koma ka nemo inda ya zama hoto.