Aikin Shugabannin Mazaɓa a Kakar Zaɓen Fidda Gwani

Assalamu alaikum warahmatullah. Shugabanni, sakatarori, iyayenmu mata da matasa, barkanmu da war haka.

Bari mu fara da Zamfara. Ranar 24 ga Mayu 2019, saura kwana biyar a rantsar da sabon gwamna, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa APC ba ta yi sahihin zaɓen fidda gwani a jihar ba, don haka ƙuri'un da aka jefa mata sun tashi a banza. Kujerar gwamna ta koma hannun Bello Matawalle na PDP. Sanatoci uku, 'yan majalisar wakilai bakwai, da na majalisar jiha, duk suka rasa kujerunsu. Jama'a sun fito sun sha rana sun yi zaɓe, amma aikin cikin gida ya kayar da jam'iyyar. Wannan aikin na cikin gida kuwa, daga mazaɓa yake farawa, wato daga hannunku.

Abin da zan ambata na doka daga Dokar Zaɓe ta 2022 ne, wadda aka yi zaɓen 2023 da ita. Majalisa takan yi wa dokar gyara, saboda haka kowace kaka sakatare ya nemi wadda ke aiki, ya haɗa da jadawalin hukumar zaɓe INEC da ƙa'idojin jam'iyyarsa.

Rajista ita ce tushe. Sashe na 77 na dokar ta 2022 ya ce jam'iyya ta ajiye rajistar 'ya'yanta a takarda da kuma a kwamfuta, ta miƙa wa INEC aƙalla kwana 30 kafin zaɓen fidda gwani. Ma'ana, ranar zaɓe littafin da ke cikin durowar shugaban mazaɓa ba shi da ƙarfi in ya saɓa da wanda ke hannun hukuma. To, tun da sauran lokaci, sakatare ya karɓo kwafin da ke ofishin jiha, ya zauna da mutum ɗaya daga kowace rumfar zaɓe, a bi suna bayan suna. A duba lambar kati. A duba rubutun suna, don Muhammadu a littafi, Mamman a kati, ya isa a hana mutum shiga layi. A fitar da waɗanda suka rasu da waɗanda suka sauya sheƙa. Sannan a liƙa jerin a bangon ofis na 'yan kwanaki, mai ƙorafi ya zo ya yi tun da wuri. Inda ake samun ɓaraka shi ne mai neman takara ya kwaso katuna ya raba wa mutanensa a gida ba tare da sunayen sun shiga littafi ba. Ranar zaɓe sai ka ga mutum ɗari riƙe da kati, babu ko ɗayansu a rajista, kuma ba za su tafi salin alin ba.

Sai sanarwa. Sashe na 82 ya wajabta a sanar da INEC kwana 21 kafin taron, in ba a yi ba taron ya rushe. Uwar jam'iyya ce ke rubuta takardar, ku kuma naku shi ne ku bayar da wuri da wuri, kuma ku tsaya a kansa. Jami'in INEC inda aka rubuta masa zai je, abin da ya gani can shi zai sa a rahotonsa, rahoton nan kuma alƙalai na ba shi nauyi. Duk wanda ya bugo muku waya da asuba ya ce an mayar da taro gidan wane, ku nemi ya kawo a rubuce. A zaɓi ofishin jam'iyya ko filin makarantar firamare, inda kowane ɓangare zai iya shiga ba tare da neman izinin mai gida ba. Mun ga yadda taron ɓangare biyu ya raba APC a Kano a 2021, aka yi ta shari'a har Kotun Ƙoli a 2022.

Dokar ta 2022 ta ba da hanya uku: 'yar tinƙe (wato ƙato bayan ƙato), daliget, da maslaha. A tsarin daliget na 2022, APC ta zaɓi biyar a kowace mazaɓa, PDP uku. Ku lissafa: Kano na da mazaɓu 484, sau biyar ya kama 2,420. A 2022, mutanen nan kaɗai ke da ta cewa a kan wanda zai tsaya wa jam'iyya takarar gwamna a jihar da ke da miliyoyin masu zaɓe. Shi ya sa kuɗi ke kwarara kansu, shi ya sa ake kwashe su a killace a otal. A waccan kakar, riƙe muƙami bai sa mutum ya zama daliget ba, sai wanda aka zaɓa domin wannan aikin, kuma sashe na 84 ya hana masu muƙamin naɗi jefa ƙuri'a. Jerin da aka rubuta a ɗakin wani babba, ba a tara jama'a ba, ɗauki-ɗora ne, kuma shi ne farkon abin da lauyan wanda ya faɗi zai kama.

Ranar zaɓen kanta, ko na daliget ne ko ƙato bayan ƙato, tsarin ɗaya ne. A sanar da 'yan sandan yankin tun kafin ranar. A tanadi rajista kwafi biyu, lasifika, igiyar raba layi, ruwan sha, da rumfa domin dattawa da mata masu goyo. A fara tantancewa da hantsi, a rufe ta, a faɗi adadin waɗanda aka tantance da babbar murya kafin kowa ya shiga layi. Wannan adadin shi ne ma'auni. In an tantance 300 aka ƙirga 340, sakamakon ya mutu tun a filin. A yi ƙirga a bayyane, wakilin kowane mai neman takara yana biye da mai ƙirga, a cike takardar sakamako nan take, a rubuta adadi da lamba da kuma harufa, kowa ya sa hannu ya karɓi kwafinsa, a ɗauki hotonta da waya. Kada a yarda a ce za a je sakatariya a ƙarasa rubutu. Kuma a yi ƙoƙari a gama kafin la'asar, domin da duhu ya shigo 'yan jagaliya ke samun dama.

Maslaha abu ce mai kyau, al'adarmu ma ta san ta, amma tana da sharaɗi. Dole duk mai neman takara da aka tantance ya rubuta da hannunsa cewa ya janye kuma ya amince da wanda aka tsayar, sannan a kira taro a tabbatar. Mutum ɗaya ya ƙi, sai a koma zaɓe. Ku tuna a 2022 fom ɗin majalisar jiha a APC naira miliyan 2 ne, na majalisar wakilai miliyan 10. Wanda ya sayar da gona ya biya wannan, ba a ce masa ya haƙura a waya. A je gidansa da dattawan da yake jin nauyinsu. Shi ma shugaban mazaɓa, in ya riga ya sa hular wani ɗan takara, ya rasa bakin shiga tsakani.

Bayan zaɓe, sakatare ya haɗa takardar sakamako, rajistar da aka yi amfani da ita, da rahoton taro a fayil ɗaya ya adana. Sashe na 285 na tsarin mulki ya ba mai ƙorafi kwana 14 kacal ya shigar da ƙara. Sashe na 84 na Dokar Zaɓe ta 2022 kuwa ya ce a Babbar Kotun Tarayya za a shigar da ita, kuma sai wanda ya shiga takarar ne ke da hurumi. Kwamitin sauraron koke na jam'iyya ba ya tsayar da ƙirgar kwanakin nan. Cikin makonni biyun nan ne za a zo neman fayil ɗinku, kuma cikinsu ne ya kamata tawagar sulhu ta riga ta isa gidan duk wanda bai samu ba, kafin wata jam'iyyar ta riga ku sallama.

Wassalamu alaikum. Mai tambaya ya ɗaga hannu, a miƙa masa lasifika.