Fodkas ɗin Cikin Fanel: Wuta ta kama kore, amma intanet ba ya tafiya

Habibu: Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Yau muna tare da Injiniya Zainab da Malam Isa mai gyaran rauta. Malam Isa, kai ka kawo ƙorafin, bismillah.

Malam Isa: Wa alaikumus salam. Abin da ke ɗaure min kai shi ne, ka soka wayar intanet a bayan rauta, wutar ta kama kore, amma ko kalma ɗaya ba ta wucewa. Kuma ba abin da ya ƙone a fanel.

Zainab: Wannan wutar ba babban IC, wato guntun lantarki mai ƙafafu da ke kan fanel, ne ke kunna ta ba, Malam. Akwai ƙarami kusa da ramin waya, PHY, shi ke gaisawa da na'urar da ke can ɗaya ƙarshen. Babban kuma shi ke sarrafa bayanai. Tsakaninsu akwai 'yan layuka a kan fanel. PHY zai iya gaisawa da waje lafiya lau alhali a cikin gida ba sa fahimtar juna.

Habibu: Layuka nawa ake magana?

Zainab: Ya danganta da zamani. MII, tsarin haɗa babban IC da PHY wanda ya zo da ƙa'idar ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta 1995 don gudun megabit 100, ƙafafu 16 yake ci: huɗu na aikawa, huɗu na karɓa, sauran na agogo da alamomi. Agogonsa, wato siginar da ke bugawa don nuna lokacin ɗaukar bayani, megahaz 25 ne, bugu miliyan 25 a sakan. Da gigabit ya zo, aka yi GMII mai layi takwas kowane ɓangare, ƙafafu suka haura ashirin. To ka lissafa IC mai rami huɗu ko biyar. Kowace ƙafa kuɗi ce, kuma fili ce a fanel.

Malam Isa: Sai aka rage.

Zainab: Sai aka yi RGMII, ƙafafu 12 kacal. An koma layi huɗu, agogo na megahaz 125, amma ana ɗaukar bayani sau biyu a kowane bugu, da hawansa da saukarsa. Har ƙafar TX_CTL aiki biyu take: a hawa ta ce ga saƙo nan, a sauka ta nuna ko akwai kuskure.

Habibu: Ni dai har yanzu ban ga inda matsalar Malam Isa ta shigo ba.

Zainab: Ga ta nan. Bugu ɗaya nanosakan 8 ne, nanosakan kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na sakan, don haka kowane bayani nanosakan 4 kawai yake tsayawa a kan layi. Kamar ɗaukar hoton mutum ne, sai ya tsaya cak za ka danna, in ka danna yana juyawa hoton ya lalace. Dole agogo ya iso a makare da kusan nanosakan 2, ya faɗo tsakiyar bayanin.

Malam Isa: Wa ke makarar da shi?

Zainab: A nan rigimar take. Da farko an bar wa mai zana fanel, ya tsawaita layin agogo. Amma nanosakan 2 kusan santimita 30 ne na layin tagulla, sai ka yi ta lanƙwasa shi. Daga baya aka sa jinkirin a cikin IC. Yanzu babban IC zai iya yi, PHY ma zai iya. In kowa ya bar wa ɗan'uwansa, babu jinkiri. In duka biyun suka yi, ya kai 4, ka sake faɗawa kan gaɓa.

Malam Isa: Ashe! Shi ya sa wani lokaci in na tilasta shi a megabit 100 sai ya yi aiki.

Zainab: Ai wannan ce babbar shaida. A 100 agogon ya sauko 25, bugun ya yi faɗi, nanosakan 2 ba ya dame shi. A manhajar Linux kalma ɗaya ce ke raba gardama, ko ka rubuta rgmii ko rgmii-id. Ta biyun na nufin PHY ya yi jinkirin da kansa.

Habibu: To mai gyara da ba ya taɓa manhaja fa, Injiniya?

Zainab: Ya duba ƙananan resista da ke kewaye da PHY. A RTL8211F na Realtek, wasu ƙafafun karɓar bayanai suna da aikin farko: lokacin da wuta ta shigo, IC ɗin yana duba ko an ja su sama ko ƙasa, da haka yake sanin adireshinsa da ko zai kunna jinkiri. Resista ɗaya ta tashi lokacin da kake hura zafi, adireshi ya canza.

Malam Isa: Kuma babban yana ta kiransa a tsohon adireshi.

Zainab: Ta layuka biyu, MDC da MDIO. Adireshi 32 ne, daga 0 zuwa 31. In ka tambayi adireshin da babu kowa a cikinsa, layin yana zaune a sama, sai ka karanto FFFF.

Malam Isa: Wallahi na sha ganin FFFF ɗin nan, na ɗauka IC ne ya mutu. Akwai fanel biyu a shago da na jefa cikin kwali, bari in je in auna resistocinsu kafin yaran su kwashe kayan jikinsu.