Idan Ƙwayar Garkuwa Ta Haɗiye Abin da Ba Ya Narkewa

(Daga faifan laccar da aka gabatar wa ɗaliban kiwon lafiya a Gusau)

Assalamu alaikum. Malam shugaban zama, iyayenmu da ke nan gaba, ɗalibai, barkanmu da war haka. Na baya can kuna ji na? To madalla.

A 1882, a garin Masina na ƙasar Italiya, wani masanin dabbobi ɗan Rasha mai suna Iliya Mecnikof ya soka ƙayar fure a jikin tsutsar wata dabbar teku wadda ake hango cikinta garau. Washegari ya duba da madubin likita, sai ga wasu ƙwayoyi sun yi wa ƙayar dafifi. Wannan aiki ya kai shi ga kyautar Nobel a 1908. Shi haɗiyar ya gani, wato yadda ƙwayar garkuwa ke haɗiye baƙon abu. Saƙon da ke umartar ƙwayar ta haɗiya kuwa, sai da aka daɗe bayansa aka gano shi, kuma a kansa za mu tsaya yau.

Ku ɗauki ƙwayar garkuwar jiki da ake kira makarofaj, wadda ke zaune a can ƙarshen huhu, inda iska ke haɗuwa da jini. Ƙwayar cuta ta shigo, sinadaran garkuwa da muke cewa antibodi sun manne mata. A fatar makarofaj akwai makamai da ke gane wutsiyar antibodi. Makama ɗaya ba ta isa ta tayar da komai ba, sai da yawa sun taru wuri guda. Da sun taru, wasu sinadarai na ciki sai su liƙa musu fosfet a ɓangarensu da ke cikin ƙwayar. Fosfet ɗin nan shi ke janyo wani furotin mai suna Syk, shi kuma ya tashi na gabansa, har saƙon ya isa ga wasu furotin biyu, Rac da Cdc42. Waɗannan biyun ne ke sa zaren aktin, furotin da ke ba ƙwaya siffa da motsi, ya riƙa tsirowa a ƙarƙashin fata, fatar ta taso ta kowane gefe kamar yadda yatsu ke rufe lomar tuwo. Cikin 'yan mintuna abin ya shige, an ƙulle shi a jaka. A daidai lokacin kalsiyam ya hau a cikin ƙwayar.

Wani zai ce, to me ya hana ta cinye jininmu? Jajayen ƙwayoyin jini masu lafiya suna ɗauke da wani furotin a fatarsu mai suna CD47, wanda da ya taɓa makarofaj yake kashe wancan saƙon. Sai sun tsufa, bayan kwana kamar 120, saifa da hanta ke kwashe su.

Kisan ma da saƙo ake yin sa. Wata na'ura ta furotin tana haɗuwa a jikin jakar, ta mayar da iskar oksijin guba. A nutrofil, wato farar ƙwayar jinin da ta fi yawa, wani sinadari yana ƙara juya wannan guba ta zama asalin abin da ke cikin ruwan Hypo da kuke wanke farin kaya da shi. Sinadarin kore ne, shi ya sa mugunya da kakin mai ciwon ƙirji ke yin kore-kore. A makarofaj kuma jakar tana ta ƙara tsami, ma'aunin pH ya sauko daga wajen 7 zuwa 5 ko ƙasa, sannan ta haɗe da lisosom, mai ɗauke da kayan narkarwa.

Ƙwayar tarin fuka a nan take nuna wayonta. Tana bari a haɗiye ta, sannan ta fitar da sinadaran da ke katse saƙon, jakar ba ta yi tsami ba, ba ta kai ga lisosom ba. Sai ta yi zamanta a cikin wanda aka aiko ya kashe ta.

Yanzu mu dawo gida. Dukanmu mun san abin da ya faru a 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, inda gubar dalma ta kashe yara fiye da 400. Dalmar aka fi magana a kai, kuma ta cancanta. Amma dutsen da ake zubawa a injin niƙa don fitar da zinari yana da wata ƙurar, silika, wadda ni a ganina ba mu ba ta muhimmancin da ya kamata ba. Mafi ƙanƙantarta ido ba ya gani, hanci ba ya tarewa, sai ƙarshen huhu. Makarofaj ta haɗiye ta, ta zuba mata tsami da guba, dutse kuwa ko gezau. Ƙarshe ƙurar ce ke fasa jakar. Fashewar tana tayar da wani gungun furotin, NLRP3, wanda ke sakin saƙon kumburi. Ƙwayar ta mutu, ƙurar ta fito yadda ta shiga, wata ƙwayar ta sake haɗiye ta. Shekara da shekaru ana haka, tabo na taruwa, huhu ya ƙandare. Mutum ya bar haƙa da daɗewa, amma haki na ƙaruwa. Tabon ba ya warkewa, kuma tunda makarofaj masu kama ƙwayar tarin fuka su ne ƙurar ke kashewa, mai wannan ciwo ya fi saurin kamuwa da tarin.

Na ga hannu. Na'am, Baba?

(Wani dattijo ya tambaya ko rawani ko ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ya wadatar.)

Allah ya ƙara girma, Baba, bai wadatar ba. Ƙyalle manyan yake tarewa, masu illar suna bi ta saƙar su wuce. Abin da ya fi shi ne a jiƙa dutsen, a yi niƙa da ruwa, a kuma fitar da injin daga cikin gida nesa da yara. Wanda ya yi aikin niƙa kuma tari ya kai masa mako biyu, ku ɗalibai ku tambaye shi sana'arsa, a gwada kakinsa, a ɗauki hoton ƙirjinsa.