Sharhin Bayan Labarai: Kiran da Ya Kwashe Kuɗin Riɗi

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da war haka.

A kakar da ta wuce, wani dattijo a ƙauyenmu da ke ƙasar Gumel ya kai riɗinsa kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Dillali bai ƙirga masa kuɗi a hannu ba, turansifa aka yi masa, naira 420,000. Ya ji ƙarar alat, ya miƙa wa ɗansa waya ya duba, aka tabbatar sun shiga. A hanyar komawa gida har ya gama rabon kuɗin a zuciyarsa: kwanon rufin ɗaki, kayan ɗakin 'yar autarsa, sauran kuma a sayi ɗan maraƙi a ɗaure.

Washegari Juma'a, bayan la'asar, yana kishingiɗe a gindin darbejiyar ƙofar gida sai waya ta yi ƙara.

"Salamu alaikum, Baba, an wuni lafiya? Daga banki ne." Mai kiran ya ambaci sunansa har da na mahaifinsa, da Hausarsa tsaf kamar ɗan unguwa. "Baba, an ba mu umarni mu rufe duk asusun da BVN ɗinsa bai haɗu da NIN ba, kuma naka yana ciki. Yau ce ranar ƙarshe. Na ga akwai kuɗi a ciki, shi ya sa na ce bari in taimaka maka saboda Allah."

"To yaro, Allah ya yi maka albarka. Yanzu yaya za a yi?"

"Ɗauko katinka na ATM, Baba. Kada ka kashe waya."

Idon dattijo ba ya ganin ƙananan rubutu, sai ya kira jikansa ɗan firamare. Yaro ya karanto dogayen lambobin da ke gaban kati, ya karanto wata da shekarar da katin zai daina aiki, ya juya baya ya karanto lambobi 3. Can sai saƙo ya shigo ɗauke da wasu lambobi. "Yawwa, Baba, su ne na gyaran, karanto min." Aka karanta. Kafin ladan ya kira magariba, alat uku sun shigo a jere, abin da ya rage a asusu bai kai kuɗin mota zuwa Gumel ba.

Wannan duk ya yi min ciwo, amma abin da ya biyo baya ya fi yi min ciwo. Dattijon nan ya ja jikansa gefe ya ce kada ya gaya wa kowa. Ya kwana da abin, ya wuni da shi, abinci ya gagara shiga. Sai ranar Laraba, da uwargida ta matsa masa da tambayar kuɗin kwano, sannan ya buɗe baki. Kwana biyar ke nan. Da aka tambaye shi dalili, cewa ya yi: "Da furfurata a ce yaro ya yi min wayo ta waya? Da wane ido zan dubi mutane a masallaci?"

A kan wannan kunyar nake so mu tsaya yau, domin ita ce ta ƙarasa aikin da ɓarawo ya fara. Kuɗin da aka sace ta waya yakan iya dawowa, amma da zafi-zafi ake bugun ƙarfe. Turansifa tsakanin bankunan ƙasar nan tana bi ne ta NIBSS, kamfanin da ke haɗa bankuna wajen tura kuɗi, kuma cikin daƙiƙoƙi take sauka. Ɗan damfara ya san haka, saboda haka ba ya barin kuɗi su kwana wuri guda. Yana rarraba su zuwa asusu biyu, uku, biyar, daga nan a cire wajen masu POS a garin da kai ba ka taɓa takawa ba. Tun 2015 Babban Bankin Nijeriya ya umarci bankuna su buɗe sashen karɓar koken damfara mai aiki dare da rana, yadda idan aka kai kuka bankinka zai tuntuɓi bankin da kuɗin suka faɗa a danne asusun, kada a fitar da ko sisi. Amma abin da aka tarar a ciki shi ake dannewa. Idan an riga an yashe, ihu ne bayan hari. Kuma ba banza ba suka fi son kira da yammacin Juma'a. Sun san ƙofar banki ba za ta buɗe ba sai Litinin, sun kuma san mutumin ƙauye bai san akwai wata ƙofar ba.

Akwai ta kuwa, tana cikin wayar da ke aljihunka. Bankuna suna da lambar gaggawa ta toshe asusu, wadda za ka danna ko da wayar maƙwabci ce, ko babu intanet, ko tsakar dare ne. Na Zenith *966*911#, na Access *901*911#, na First Bank *894*911#. Sauran ma kowanne da tasa, kuma a bayan katinka akwai lambar kiran bankin. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da ka shiga banki, ka tambayi taka lambar, a rubuta maka a takarda, ka adana inda kake adana takardar gona. Idan abu ya faru, ka toshe tukuna, ka kira banki a daren, ka faɗi lokaci da adadin da aka cire, sannan ka yi salati da jimami.

Ran da aka buɗe banki kuma ka yi sammako. Kada ka yarda a saurare ka da baki kawai a ce ka je za a kira ka. A rubuta koken, ka sa hannu ko ka dangwala, a ba ka lambar shaidar cewa an karɓa. Kada ka goge saƙonnin alat, kada ka goge lambar da ta kira ka, su ne shaidunka. Ka kai rahoto ga 'yan sanda, domin sau da yawa bankin da ya danne kuɗi ba ya sakin su sai da umarnin kotu, kotu kuma takarda take nema. Idan mako biyu ya wuce banki bai yi komai ba, ƙa'ida ta ba ka dama ka ɗaga koken zuwa sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Banki, wanda ke da reshe a Kano, yana da reshe a Dutse. Hukumar EFCC ma tana da ofishin shiyya a Kano, kuma tun 2015 akwai dokar hukunta laifukan intanet a ƙasar nan. Duk waɗannan ƙofofi ba a biyan kuɗi kafin a shigar da koke.

Ba zan yaudare ku ba, masu sauraro, hanyar doguwa ce, kuma ba kowa ke kaiwa ga kuɗinsa ba. A Amurka, inda katin bashi ya fi yawa, kuɗin banki ne mutum yake kashewa ya biya daga baya, kuma dokarsu ta taƙaita asarar mai kati a dala 50 idan wani ya yi amfani da katinsa ba da izininsa ba. Namu katin ba haka yake ba. Na ATM da ke aljihunmu kai tsaye yake shiga guminmu. Idan kuma da bakinka ka karanta lambar nan da ke shigowa ta saƙo, wadda ake kira OTP, abin da banki zai fara faɗa maka shi ne kai ka buɗe ƙofa. Don haka a riƙe wannan da kyau: ma'aikacin banki na gaskiya ba ya kiran mutum ya nemi lambar sirrinsa ta cire kuɗi, ba ya neman lambobi ukun bayan kati, ba ya neman lambar da ta shigo ta saƙo. Duk wanda ya nema ɓarawo ne, ko da ya san sunan kakanka, ko da ya buɗe magana da aya. Yau ya ce gyaran BVN, gobe ya ce sunanka ya fito a tallafin gwamnati, jibi ya ce rancen taki ne ko kujerar Makka. Riga ce kawai yake sauyawa. Ka kashe wayar, idan zuciyarka ba ta kwanta ba ka je bankin da ƙafarka.

Akwai kuma ɓarawo na biyu da ke bin sahun na farko, kuma shi ma ya kira dattijon namu. Mako guda bayan abin, wani ya bugo ya ce shi jami'i ne, an kama yaran, kuɗin suna hannu, a turo naira 20,000 na buɗe fayil. Allah ya taimaka a wannan karon ɗansa yana kusa, ya karɓe wayar. Mutumin da ke cikin zafin asara ko takobi aka miƙa masa zai kama, su kuma sun san haka. Babu hukumar da ke kiran mutum ta ce ya tura kuɗi asusun wani kafin a mayar masa da nasa.

To, ban zo in ɗora wa talaka laifi duka ba, don ba shi ya zaɓi wannan hanya ba. Mu tuna farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, yadda takardar naira ta ɓace, mai tumatir a Kwanar Gafan da mai shanu a Wudil da mai shinkafa a Auyo aka wayi gari dole su karɓi turansifa ko kayansu su kwana. An tura mutane cikin kogi ba a koya musu iyo ba. Saƙon nan da ke kawo OTP yana ɗauke da gargaɗin kada a faɗa wa kowa, amma da Turanci. Jikan dattijo lambobin kawai ya iya karantawa. Me zai hana bankin da ke riƙe da kuɗin miliyoyin Hausawa ya aiko da gargaɗin da Hausa? Idan mutum ya kira lambar banki cikin tashin hankali, na'ura ce za ta tare shi da Turanci, danna ɗaya, danna biyu, katin wayarsa yana ƙonewa har ya ƙare. Jigawa ƙananan hukumomi 27 gare ta, Kano 44, kuma akwai ƙauyukan da sai mutum ya hau babur ya hau mota kafin ya ga ƙofar banki. Wanda ya iya kai wakilin buɗe asusu har rumfar kasuwar ƙauye, ya iya kai wanda zai karɓi kuka. Sannan tambayar da har yau ke ci min rai: a ina mai kiran ya samu cikakken sunan dattijon nan da lambarsa, kwana ɗaya tak bayan kuɗi sun shiga? Wannan tambaya ce da ya wajaba hukumomi su bi diddiginta.

Mu ma a gida akwai gyara. Nakan tsaya a rumfar mai POS ranar kasuwa in ga dattijuwa ta kwance bakin zane ta fito da kati, ta miƙa, ta faɗi lambar sirrinta da ƙarfi, layi guda yana ji. Wani ma a bayan katin ya rubuta lambar. Masu POS da yawa yaran kirki ne masu neman halak, kuma su ne bankin ƙauye a yau, don haka su ya kamata su fara cewa, "Iya, karɓi na'urar ki danna da kanki." Wanda wayarsa ta ɓata a kasuwa, kada ya tsaya jimamin wayar, layin ne abin tsoro, don da shi ake shiga asusu. Ya toshe asusun nan take, ya je kamfanin layi a rufe. Haka idan layinka ya ɗauke ɗif alhali na kowa yana aiki.

Ku kuma samari, da ku nake. Wani zai ce ara min akawun ɗinka kuɗi za su shigo, in sun shigo ka cire ka ɗauki dubu biyar. Kuɗin riɗin wani tsoho ne suke bi ta hannunka. Ranar da aka bi sahu, sunanka da BVN ɗinka za a tarar, kai za a saka a jerin waɗanda bankuna ke sa wa ido, kai za a zo ɗauka gaban iyayenka, wanda ya aike ka kuwa ko sunansa na gaskiya ba ka sani ba.

Ina roƙon limamanmu su ba wannan magana minti biyu bayan huɗuba. Dagatai da masu unguwanni da sarakunan kasuwa su sa a yi shela. Idan kuma maƙwabcinka ya zo ya ce an cuce shi, don Allah kada kalmar farko ta zama "kai ma dai da kwaɗayi". Malaman makaranta sun faɗa wannan rami, 'yan kasuwar birni sun faɗa, ma'aikatan gwamnati sun faɗa. Dariyar da muke yi wa wanda aka damfara ita ce ke rufe bakin na gaba. Ka miƙa masa wayarka ya toshe asusu, ka tayar da babur ku tafi.

Dattijon namu, ɗansa ya yi ta zarya tsakanin ƙauye da banki da ofishin 'yan sanda har aka shiga bazara. A ɗaya daga cikin asusun da aka watsa kuɗin an tarar da naira 58,000 ba a kai ga cirewa ba, su aka mayar masa. Sauran sun bi ruwa. Auren 'yar auta an ɗaga shi zuwa wata kakar, ɗakin kuma da zana aka tare inda yake yoyo. Da na je gaishe shi da Sallah, ya cire hularsa ya zaro wata 'yar takarda daga ciki ya nuna min. Lambar toshe asusu ce, jikan nan nasa ya rubuta masa da manyan baƙaƙe. Ya ce ranar Alhamis ɗin da ta wuce mutum uku suka kwafa a rumfar masu riɗi.