Man kanumfari da na'ana'a suna fitar da tabon haƙori?

Ku juya kwalin man goge bakinku ku karanta abin da aka haɗa shi da shi. Da wuya ku rasa na'ana'a, wani ma har da kanumfari ko kirfa. Masu talla na cewa waɗannan tatattun mayukan tsirrai suna sa haƙori ya yi fari tas. To, yaya abin yake?

Shayi, kofi da taba su ne kan gaba wajen ɓata haƙori daga waje. Launinsu yana maƙalewa ne a yauƙin dattin da ƙwayoyin cuta ke tarawa a jikin haƙori, musamman kusa da dasashi. A nan man tsirrai ke da rana. Sinadarin yujinol na kanumfari, da mentol na na'ana'a, da timol na ganyen ƙamshin nan da ake kira tayim, duk suna rage waɗannan ƙwayoyin cuta. Ruwan kurkure baki na Listerine da aka ƙirƙira a Amurka a 1879 har yau da irin waɗannan mayuka yake aiki. Idan datti ya ragu, sabon tabo ba ya samun wurin kamawa sosai.

Amma tabon da ya riga ya zauna, ba man tsirrai ne ke ɗauke shi ba. Garin silika, alli ko bekin soda da ke cikin man goge bakin ne ke kankare shi, da taimakon buroshi, minti 2, safe da dare.

Akwai kuma canjin launi daga cikin haƙori: shekaru, yawan fulorayid (sinadarin da ke cikin man goge baki da wasu ruwan sha) a yarinta, ko shan maganin tetirasakilin kafin shekara 8. Wannan ko kwalba guda ta kanumfari aka ƙarar, ba zai motsa ba. Sai likitan haƙori, wanda kan yi amfani da sinadarin farokzayid mai sa haƙori fari ko ya rufe fuskar haƙorin.

Abin da ya fi damuna shi ne masu ɗiga tsantsar man tsirran a kan buroshi. Don Allah ku bari. Man kanumfari tsagwaronsa yana ƙona dasashi, na kirfa yana sa wa wasu ƙaiƙayi da gyambon baki, kuma in yaro ya haɗiye irin wannan man yana iya zama guba. Haka masu matsa lemun tsami: tsaminsa na cinye farin ɓawon haƙori, wanda ba ya sake tofowa, sai rawayar da ke ƙarƙashinsa ta ƙara fitowa.

In kuna son na tsirrai, ku sayi wanda aka riga aka haɗa, ku tabbata akwai fulorayid a ciki, don shi ne ke tsare haƙori daga ruɓewa.