Tai Po: Yadda Garin Kasuwa Ya Koma Unguwar Kwana

(An rubuto wannan lacca daga faifan sauti, an ɗan gyara ta don sauƙin karatu.)

Assalamu alaikum jama'a. Malamaina da ke zaune a gaba, Allah ya ƙara girma.

Idan aka ce Hong Kong, abin da ke faɗo wa yawancinmu shi ne dogayen benaye da bankuna. Ni kuwa yau arewacin wurin zan kai ku, wani gari da ake kira Tai Po, a bakin kogin Lam Tsuen, daidai inda yake malala cikin teku. Tarihin garin nan kusan dukkansa rigimar kasuwa ce.

Tun ƙarni na 10 aka san gaɓar da lu'ulu'u, sarakuna na tura mutane su yi nutso su ciro, da yawa ba su dawo ba. A shekarun 1660 kuma daular Qing da ke mulkin ƙasar Sin ta kori duk mazauna gaɓar teku zuwa cikin ƙasa, don kada su tallafa wa abokan gabarta. Sai 1669 aka bari suka dawo. Shekara uku bayan haka, a 1672, zuri'ar Tang ta samu izinin hukuma ta kafa kasuwa a arewacin kogin.

Su waye Tang? Babban gida ne mai gonaki, mai 'ya'ya masu ilimi, mai hanya wajen mahukunta. A ƙauyukan Kanton, wato wannan yanki na kudancin Sin, zuri'a ita ce komai: gari guda, suna guda, kaka guda, da zauren tunawa da kakanni. Kasuwar kan ci sau uku a kowane kwana goma, bisa lissafin wata. Manomi ya kawo shinkafa da alade, masunci ya kawo kifi, mai tukwane ya sauko daga ƙauyen Wun Yiu da kwanukan tangaran masu zanen shuɗi. Kowa ya biya Tang kuɗin rumfa. Wanda ya nemi buɗe shago a kusa, sai su kai shi ƙara, kuma su yi nasara. Sama da shekara ɗari biyu ana haka.

To, ku lura da abin da ƙananan ƙauyuka suka yi, don shi ne ya fi burge ni. Ba su ɗauki makami ba. Sun haɗa kai ne suka kafa ƙawance mai rukuni bakwai, ana kiransa Tsat Yeuk, zuri'ar Man ta ƙauyen Tai Hang ke jagoranta. A 1892 suka samu amincewar hukuma su buɗe tasu kasuwar a ɗaya ƙetaren kogin, suka sa mata suna Tai Wo. Suka gina wurin ibada na Man Mo, wato allolin ilimi da yaƙi, a titin Fu Shin, wanda shi ne kuma ofishinsu da wurin sasanta rigima. A nan aka ajiye ma'aunin jama'a: idan mai saye da mai sayarwa suka yi musu kan nauyi, a je a ɗora. Duk wanda ya taɓa rigima kan mudu ya san muhimmancin wannan. Sannan a 1896 suka gina gadar Kwong Fuk, aka daina dogara da kwale-kwalen fito. Kafin a ankara, sabuwar kasuwa ta shanye tsohuwar.

Ana cikin haka sai ga Turawa. A 1898 Ingila ta karɓi hayar yankin daga ƙasar Sin na shekara 99. Da suka zo kafa tuta a Tai Po a Afrilun 1899, mutanen ƙauyuka suka ƙone rumfar da aka tanada don bikin. Aka yi kwana shida ana gwabzawa, ɗaruruwan mutanen ƙauye suka mutu, aka kafa tutar ranar 16 ga wata. Abin lura, zuri'o'in da ke gaba da juna kan kasuwa sun tsaya sahu ɗaya a wannan karon.

Bari in yi ɗan ratse. Jirgin ƙasan da ya haɗa Kowloon, wani ɓangaren birnin Hong Kong, da iyakar Sin ya fara aiki a 1910. Wa ke gwamnan Hong Kong a lokacin? Lugga ne, wanda muka sani. Ya bar Arewacin Najeriya a 1906, ya yi gwamna a can daga 1907 zuwa 1912, sannan ya dawo ya haɗe mu a 1914. Na ga wasunku na murmushi.

Tashar jirgin da aka gina a 1913, mai rufi irin na Sinawa, kusa da sabuwar kasuwa aka yi ta. Wannan ya ƙarasa tsohuwar kasuwar Tang. Har sunan ma aka ƙwace: yau idan aka ce Kasuwar Tai Po, ta ƙawancen ake nufi.

Babban sauyi ya zo ne a ƙarshen shekarun 1970. Birnin Hong Kong ya cika maƙil, gwamnati ta mai da Tai Po sabon gari. Aka cike bakin teku da ƙasa, aka kafa unguwar masana'antu, aka jera benayen haya na gwamnati, na farko a kan sabon filin shi ne Tai Yuen a 1980. A 1983 jirgin ya koma na lantarki, daga baya tsohuwar tashar ta zama gidan tarihi. Yanzu gundumar na da mutum kusan dubu ɗari uku, da yawansu da sassafe suke cika jirgi zuwa aiki a birni, sai dare su dawo kwana. Gonar shinkafa kam babu.

Amma 'yan asali ba su ɓace ba. Tun 1972 doka ta ba kowane ɗa namiji da ya gaji ƙauye ta wajen uba damar gina gida mai hawa uku sau ɗaya a rayuwarsa. Mata ba sa ciki, kuma mazaunin bene da ke matse a ɗan ƙaramin ɗaki yana kallon abin a matsayin son kai. A ganina yana da hujja. Waɗannan 'yan asalin ne dai har yau ke haɗa walimar poon choi, inda ake jera nama da kayan lambu hawa-hawa a babban daro, kowa ya sa hannu. Su ne kuma ke kula da bishiyar buri ta Lam Tsuen, wadda mutane suka yi ta jefa wa takardun fata ɗaure da lemo har reshe ya karye a 2005, aka koma jifan bishiyar roba.

Titin Fu Shin kuwa na nan, masu kayan miya da busasshen kifi na baje kaya a bakin ƙofar Man Mo, tsofaffi na zaune a ciki suna hira. Na ga mai gabatarwa na duba agogo, bari mu karɓi tambayoyi.