Gidajen yara a Ingila: ina kuɗin yake zuwa?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka, daga Manchesta nake magana da ku, ku yi haƙuri da ƙarar iska. Maganar yau ta daɗe tana cina a rai tun da na fara aikin kula da yara a ƙasar nan.

A nan idan aka ga yaro yana cikin haɗari a gidan iyayensa, ƙaramar hukuma, wato kansil, ita ke karɓarsa, kuma yaran dake hannun hukuma a Ingila sun haura 80,000. Yawancinsu wasu iyalai ake ba riƙo ana biyansu, wasu kuma sai gidan yara. To abinda mutane basu sani ba, sama da kashi 80 cikin 100 na gidajen nan ba na gwamnati bane, na 'yan kasuwa ne, kuma da dama cikin manyan suna hannun masu jarin nan da ake ce ma firaibet ekwiti.

Ga yadda suke yi, dan Allah ku biyo ni. Zasu tara kuɗin attajirai da na asusun fansho, su ƙara da bashin banki, su sayi kamfanin da ke da gidajen yara, sannan bashin da aka ci wajen sayen, kamfanin ne zai ɗauke shi, ba su ba, bayan 'yan shekaru su sayar wa wani su kwashe riba. Kenan kuɗin da kansil ta biya don abincin yaro da ma'aikacin da zai kwana dashi, wani kaso kuɗin ruwa yake tafiya.

Hukumar kula da gasar kasuwanci ta Birtaniya, CMA, ta fitar da rahoto a 2022, ta ce manyan kamfanonin ribarsu a gidajen yara ta kai kashi 22.6 cikin 100, ɓangaren ba iyalai riƙo kuma 19.4, har ta yi gargaɗi wasunsu bashi ya musu katutu. An taɓa ganin irin wannan a gidajen tsofaffi, kamfanin Southern Cross ya durƙushe a 2011. Kuma akwai yaron da kansil ke biya masa fam 10,000 ko fiye a sati ɗaya, a sati fa, saboda gurbi ya yi ƙaranci kuma doka ta wajabta mata ta samo masa wurin kwana, duk farashin da aka yanka mata haka zata biya. Mu ma'aikata kuwa albashinmu kaɗan ya ɗara mafi ƙarancin albashi, shi yasa mutane basa daɗewa, yau kaga wannan gobe kaga wancan. Wani yaro ya taɓa tambayata, kai ma tafiya zaka yi ko? Wallahi ranar jikina ya yi sanyi.

Amma abinda yafi min ciwo shine inda ake buɗe gidajen. Ba inda yaran suke ake buɗewa ba, inda gida yake da araha ake zuwa, shi yasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu nasu suna nan arewa maso yamma, su Blackpool da kewaye, Landan kuwa 'yan kaɗan ne. Sai a ɗauko yarinya 'yar shekara 13 daga Landan a kawo ta nan, ta rabu da makarantarta da ƙawayenta da ƙannenta da kakar da take ɗan leƙa ta.

Wales dai sun yi doka a 2025 ta cire neman riba daga kula da yaran nan a hankali a hankali. Ingila kuma ministar ilimi Bridget Phillipson ta ce a 2024 in kamfanonin basu gyara ba za'a sa wa ribar iyaka. Ni a ganina hanyar Wales ce daidai, kansil-kansil su koma buɗe nasu gidajen kusa da unguwannin yaran, a kuma tallafa wa kakanni da gwaggonni da kawunnai masu son riƙon nasu da kuɗi na gaske. Bari in tsaya nan, bas ɗina ya iso, aikin dare gareni yau.